Wankin Rigar Tsamiya

Babana mai ɗinkin manyan riguna ne a Gaya. Kakanninsa daga gabas suka zo, amma shi a Gaya aka haife shi, kuma abin da ya rage masa na gabas bai wuce tsagen fuska da wasu kalmomi biyu da yake faɗa idan allura ta soke shi ba. Da damina yana noma kamar kowa. Da rani ya zauna a zaure da riga a cinya. Shi ke zana aikin da tawada, shi ke bin zanen da allura da zaren tsamiya. Riga ɗaya takan ci masa rani guda, wata har ta taɓa na gaba.

Rigar da ta yi wata biyar a cinyar mutum ba ta tashi fara. Ga tawadar zane, ga dauɗar hannu, ga gumin gwiwa. Kafin a miƙa ta ga mai ita sai an wanke. Baba bai yarda da masu wanki na bakin rijiya ba, don ya taɓa ganin suna maka tufafi a kan dutse. Inna ce ke wanke masa. Da ta rasu, ina budurwa, wankin ya dawo hannuna.

Ran da na fara, ya kifa turmi ya zauna yana kallo.

Ya ce, "Me kike yi?"

Na ce, "Ina cuɗawa, Baba."

Ya ce, "Tsumman tukunya ake cuɗawa. Wannan dannawa ake yi da tafin hannu. Sake ɗebo ruwa."

A wurinsa na koyi sauran. Ana jawo ruwa tun da safe a bar shi a randa ya kwanta, don yashi ya sauka ƙasa. Ruwan sanyi, ba a kusantar da shi da murhu. Sabulun salo ba a goga shi a kan aiki, a ƙwarya ake narkar da shi a tace. A juya rigar ciki waje kafin ta shiga ruwa. Bakin ƙasa, inda aka yi shafi da jan alharini, ba a barinsa ya jiƙu tare da farin, sai a ɗaure shi sama a wanke shi daga baya, shi kaɗai, da sauri. Ba a murɗawa. A naɗe ta cikin tsabtataccen zane ya sha ruwan, sannan a shimfiɗa a tabarma a inuwa. Da sauran laima a jikinta ake kai wa mabuga, su kifa aikin a kan mayafi su bi shi ta baya, a hankali. Ban taɓa jin Baba ya ce na iya ba. Wata rana dai na waiga na ga babu kowa a kan turmin.

Mijina manomi ne a Gafasa. Yakan kawo gero kasuwar Gaya ya biyo ta zauren Baba ya huta. Sau uku ya zo zance wurina, duk ukun bai ce komai ba bayan gaisuwa. Da aka tambaye ni na ce na yarda, don na ga zaman gidansa ba zai yi hayaniya ba. Haka kuwa aka yi.

Ina da 'ya'ya biyu a ɗakin miji lokacin da idon Baba ya fara hazo. A shekarar ya ɗinka wata farar riga mai zanen aska takwas, da tsamiya, da jan shafi, bai faɗa wa kowa mai ita ba. Da ya gama ya aiko da ita Gafasa ba a wanke ba, da saƙon cewa ta surukinsa ce, kuma 'yarsa ta san abin da za ta yi.

A wankin farkon nan ne na lura da wani abu. Aska ɗaya ta gefen hagu ba ta kai 'yan'uwanta tsawo ba, kuma kusa da bakin aljihu zaren ya bar layin tawada ya yi tafiyarsa kamar faɗin yatsa kafin ya dawo. Baba bai taɓa yin haka ba. Na wanke tawadar ta fita, ya zama babu shaida sai ga wanda ya ƙirga. Ban faɗa wa kowa ba.

Maigidana gajere ne. Da ya sa rigar ta sauka har ƙasa, ya naɗe hannuwan a kafaɗa suka zame, ya sake naɗewa. Ya dubi ƙirjinsa ya daɗe, ya ce, "Madalla." Ranar Sallah ya tafi idi da ita yana takawa kamar wanda ya ɗauko ƙwaryar nono cike. Da ya dawo ya cire ya miƙo mini, ya sa tsohuwar taguwarsa, sannan ya ce a kawo abinci.

A unguwarmu babu riga irinta, saboda haka ba ta daɗe tana ta maigida shi kaɗai ba. Mai ɗaurin aure ya zo aro, mai suna ya zo aro, mai zuwa gaida surukai a Ajingi ya zo aro. Maigida ba ya iya cewa a'a, don kalmar tana bukatar bayani, shi kuma ba ya son bayani. Ta kai na san yawon mazan unguwar ba tare da na fita ƙofar gida ba. Idan ta dawo da gashin jaki a baya, na san an yi nisa. Idan da man shanu a hannun dama, na san an karɓi mutum da kyau. Maiko nakan barbaɗa masa farar ƙasa ya kwana ya tsotse, jan goro nakan ɗiga masa lemon tsami tun bai zauna ba. In ta bushe aka buga, na ninke ta na sa a adudu da saiwar jema da kanumfari, na ɗora adudun a kan duwatsu uku saboda gara. Kowane ninki nakan sauya masa wuri, don kada karin ya ci zaren. Bayan damina na fito da ita ta sha iska.

Na ba maigida sharuɗɗa uku da zai riƙa faɗa wa masu aro: kada a ci miya da ita a jiki, kada a hau dabba babu shimfiɗa, kada kowa ya wanke ta. Yakan faɗi biyu ya ga ya yi magana da yawa.

Yayan maigida dogo ne, mai murya, kuma bai taɓa rasa abin cewa a kan kowace sana'a ba, har wadda bai taɓa gani ba. Gidansa na jikin namu, zana ce tsakani. Ni da shi akwai kunya, ba ma haɗa ido, in zai yi mini magana sai ta bayan zanar ko ta bakin ƙanensa. A shekara ta bakwai da zuwan rigar, rigima ta haɗa shi da wani mutumin Toranke a kan iyakar gona, har magana ta kai gaban alƙali a Gaya. Ya ce ba zai tsaya gaban shari'a da taguwa ba. Maigida ya shigo ya ce mini, "Yaya na son riga." Na ciro na ba shi. Ina jin su a zaure, ya faɗi na miya, ya faɗi na dabba, ya yi shiru.

Kwana uku Yaya ya yi. Da ya dawo na ji muryarsa tun daga bakin hanya yana ba mutane labarin yadda ya yi magana har alƙali ya gyara zama. Daga baya na ji cewa raba wurin aka yi biyu, kowa ya ɗauki rabi. Ya miƙa wa maigida rigar a ƙunshe tam cikin rawani, ya ɗaga murya yadda zan ji daga ciki, ya ce, "Ga amana. Ka ce mata ta huta, har wankewa na sa an yi."

Na bari ya tafi sannan na kwance a tsakar gida. Daga bakin ƙasa zuwa gwiwa ta zama kamar an tsoma ta a ruwan zoɓo. A ƙirji da baya akwai manyan tabo ja, inda aka ninke ta tana jiƙe. Tsamiyar ta bushe ta yi tauri, aikin ya tattare, yadin da ke gefensa ya yi ƙunci. Warin kanwa na tashi. Matar Yaya ta ba ni labarin da yamma, da ta shigo aron garwashi. Bayan shari'ar ya ci tuwo da miyar kuka a gidan abokinsa, miya ta zuba masa a ƙirji, ya goge da hannun riga. Washegari ya sa aka tafasa ruwa da kanwa aka zuba rigar ciki, yadda ake yi wa kayan gona. Shi da abokin suka kama, wannan ya riƙe nan wancan ya riƙe can, suka murɗe ta, suka baza a kan shingen ƙaya a rana.

Maigida ya tsaya a kaina yana kallon rigar. Ya ce, "Ta sauya."

Na ce, "Ta sauya."

Ya ce, "Ban faɗi na ukun ba."

Na ce, "Na ji."

Ya ɗauki fartanya ya fita, alhali rani ne, babu abin nomewa.

Kwana huɗu ina fama. Na jiƙa ta a ruwan sanyi ina sauyawa safe da yamma, na gwada lemon tsami, na gwada nono mai tsami. Jan ya ɗan ja baya, daga zoɓo ya koma kamar bayan albasa, a nan ya tsaya. Ran na uku ina durƙushe a kan ƙwarya sai Yaya ya yi gyaran murya ta bayan zana.

Ya ce, "Sannu da aiki. Ni a ganina dama alharinin nan ba mai kyau ba ne. Mai kyau ba ya zuba."

Na ce, "To, Yaya."

Ya ce, "Ni da na sani ma da ban wahalar da kaina ba."

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya."

Ran na biyar na ce wa maigida zan kai ta wurin Baba. Ya ɗaura wa jaki akumari, muka bar yara wurin matar Yaya, muka kama hanya da safe, muka shiga Gaya ana kiran azahar.

Lokacin idon Baba ya rufe, sai dai ya bambance rana da inuwa. Yana zaune a gidan wana, a gindin bango, da carbi. Maigida ya durƙusa daga nesa ya gaishe shi ya koma zaure, inda ya zauna har muka gama. Na gaida Baba, na sa masa rigar a cinya. Ya ajiye carbin. Ya kai ta hanci tukuna.

Ya ce, "Wa ya dafa ta?"

Na ce, "Yayan maigida."

"Me ya kai ta hannunsa?"

"Shari'ar gona."

"Ya ci?"

"An raba biyu."

Ya ce, "To." Ya fara bin aikin da yatsu, daga wuya zuwa ƙasa, layi layi. Ya tambaye ni yadda launin ya zama, na faɗa masa gaskiya, har da tabon ƙirji. Ya ce wannan ba ya ganinsa, saboda haka ba zai yi fushi a kansa ba. Abin da ya nema shi ne inda zare ya tsinke. Ya sami wuri biyu da ƙaya ta ja. Ya sa aka ɗauko masa tsohuwar jakarsa, ya laluba ya fito da ragowar tsamiya da allura, ya miƙo mini.

Na ce, "Baba, ban taɓa ɗinka aiki ba."

Ya ce, "Kin wanke ya fi talatin. Kin san inda zare ke shiga da inda yake fita. Zura."

Na zura. Ya ɗora yatsansa kusa da bakin allurar, in na soka daidai ya yi shiru, in na kauce ya ce, "Koma." Wuri biyun da bai kai tafin hannun yaro ba ya kai mu la'asar. Da muka gama ya ci gaba da lalube, har yatsunsa suka iso gefen hagu. Suka tsaya a kan gajeriyar askar, suka gangara bakin aljihu, suka sake tsayawa.

Ya ce, "Kin ga wannan?"

Na ce, "Na gani."

"Tun yaushe?"

"Tun wankin farko."

"Ba ki ce komai ba."

"Ba ka tambaya ba, Baba."

Ya nuna wajen zaure da haɓa. "Shi fa?"

Na ce, "Shi bai san aska nawa ce ba."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. Ya ce sai da ya gama ya fitar da ita rana sannan ya gane, kuma a ranar ya san ba zai ƙara karɓar rigar kowa ba. Ya ce ya yi tunanin warwarewa, ya ga in ya warware ba lallai ya iya mayarwa ba. Shi ya sa ya ba surukinsa, don ya san mutum ne da ba zai dawo masa da ita da magana ba. Na tambaye shi ko zai sha fura. Ya ce zai sha.

Yana sha ya yanke hukunci. Ya ce, "Farinta ya tafi, kada ki ƙara ɓata ruwa. A kai ta marina."

Na ce, "Aikin ba zai ɓace ba?"

Ya ce, "Tsamiya ba ta shan shuni kamar auduga. In an buga za ta fito. Ki fara jiƙa ta da ruwan sanyi ki ja yadin a hankali ya saki, kafin su taɓa ta."

Washegari na yi haka, na jiƙa, na shimfiɗa, na riƙa jan gefen aikin da yatsu kaɗan kaɗan har ƙuncin ya ragu. Maigida ya kai wa wani tsohon marini, abokin Baba. Marinin ya ɗaga rigar ya duba, ya tambaya ko wani aka yanka a cikinta. Maigida ya ce a'a, wankewa aka yi. Tsomi bayan tsomi, da shanya, da jiran mabuga, abin ya ɗauki kwana shida.

Tun da aka kai ni Gafasa ban taɓa kwana shida a jere a Gaya ba. Na wanke wa Baba duk tufafinsa, na yanke masa farce, na yi masa dambu yadda Inna ke yi, ya ce bai kai nata ba, ya cinye. Da hantsi nakan zauna kusa da shi ina tsinke zogale yana ba ni labarin rigunan da ya ɗinka da mutanen da suka saka su, wanda ya yi ƙiba har wuya ya matse shi, da wanda ya sa tasa sau ɗaya ya ajiye har asu ya riga magada. Maigida kuwa ya gyara wa wana dangar gida ba wanda ya sa shi.

Ran na shida aka kawo ta daga wurin bugu. Ta yi baƙi mai sheƙi, daga ƙasa in rana ta haska akan ga ɗan ja-ja a ciki, ba mai yawa ba. Aikin ya fito, ya fi jikin rigar haske kaɗan. Na sa wa Baba a cinya. Ya daɗe yana shafawa, ya ce mabugan sun ɗan danne wuyan, amma ba laifi. Da ya ɗaga hannuwansa duk sun yi shuɗi har wuyan hannu. Matar wana ta kawo tuwo, ya miƙa hannu zai ci. Na riƙe hannun na ce ya dakata. Na ɗebo ruwa na wanke masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, shunin bai fita duka ba, ya ce in bar shi haka, yunwa yake ji. Da safe muka yi sallama muka koma. Bai kai damina ba ya rasu. Ran da aka aiko, kafin mu iso an riga an kai shi.

A Gafasa rigar ta fi da farin jini. Yaya ya zo ya gani, ya zagaya ƙanensa sau biyu, ya ce dama shi tun farko ya ga rini ne ya dace da ita. A kasuwar Ajingi an ji shi yana cewa shi ya ba da shawarar. Maigida bai musa ba. Masu aro suka ci gaba da zuwa, suna dawowa da wuya shuɗi, suna kuma ƙin wanke wuyan har kwana biyu don a san sun je wani wuri. Abin da ya sauya shi ne, maigida ya koma faɗin sharuɗɗan duka uku, yana farawa da na ukun.

Rinanniyar riga ba ta son ruwa. Kakkaɓewa ce, da shan iska, da bugu in ta kwanta. Na ga aikin da na saba ya fita hannuna, rani ya yi mini tsawo. Sai matar wani mai unguwa daga Toranke ta zo da farar rigar mijinta a ƙunshe, ta ce an ce mata ni 'yar mai ɗinki ce. Na wanke mata. Daga ita sai wata. Na yi shekaru ina wannan, har yatsuna suka fara ƙin lanƙwasuwa da sanyin safiya.

Shekarar da Yaya zai aurar da 'yarsa ta fari ya sayar da amfanin rabin gonar nan ya sayi tasa farar rigar, aska biyu, aikin wani mai ɗinki na Gaya da ban sani ba. Bayan biki matarsa ta shigo da ita, ta tsaya tana murmushi ta ce Yaya ya ce a kawo mini. Kafin na amsa muka ji gyaran muryarsa ta bayan zana.

Ya ce, "A bi ta a hankali. Irin wannan ba ta son ruwan zafi."

Na ce, "To, Yaya."

Na wanke ta washegari. Ɗinkin ba laifi, sai dai mai yin ya ja zaren da ƙarfi a wuya.